Kundin Aikin Ƙirga Sawun Yuraniyam da Na'ura a Gombe

13 ga Nuwamba, 2023

An kammala kafa maikiroskof ɗin a ƙaramin ɗakin da ba shi da taga, kuma daga yau zan riƙa rubuta halin da aikin yake ciki domin abokan aiki da ɗaliban da za su gaje shi. Tambayar da ta haifar da aikin tsohuwa ce a wajen masu nazarin duwatsun kwarin Gongola: ina iyakar zurfin da dutsen yashi na Bima ya taɓa nitsewa, wane irin zafi ya sha a can, kuma yaushe ya taso ya huce? Tun da kamfanin mai na ƙasa ya sanar da samun mai a rijiyar Kolmani ta biyu a 2019, a kan iyakar Bauchi da Gombe, tambayar ta wuce ɗakin karatu ta isa teburin masu neman mai, domin zafin da ke dafa mai a cikin dutsen laka, kimanin digiri 60 zuwa 120, shi ne kusan zafin da ma'adinin afatait yake riƙe labarinsa.

Afatait yana ɗauke da ɗan yuraniyam. Mafi yawan zarrar yuraniyam-238 tana ruɓewa ne sannu a hankali, sai bayan shekara biliyan 4.47 rabinta yake ƙarewa, amma kusan ɗaya a cikin miliyan biyu na masu ruɓewar takan tsage gida biyu da kanta, gutsattsarin su yi hannun riga da juna da ƙarfin gaske, su bar siririn tabo a jikin ma'adinin mai tsawon kimanin maikiromita 16 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Idan aka goge ƙwayar afatait aka tsoma ta a asid, tabon yakan buɗe har ido ya gan shi ta maikiroskof, kuma shi muke kira sawu. Price da Walker da Fleischer ne suka kafa wannan hanya a farkon shekarun 1960 a ɗakin binciken General Electric da ke Schenectady a Amurka. Yawan sawu, idan aka gwama shi da yawan yuraniyam, yana ba da shekaru. Tsawonsa kuwa yana ba da tarihin zafi, saboda sawu yana gajarcewa idan dutse ya daɗe a sama da digiri 60, yana kuma shafewa ƙurmus a wajen digiri 120.

Wahalar hanyar ita ce ƙirga. Mutum yakan zauna a gaban na'ura yana ƙirga sawu ɗaya bayan ɗaya a ƙwayar da aka faɗaɗa sau 1,000, kuma idan ya tashi babu shaidar abin da ya gani sai lambar da ya rubuta. Rukunin Andrew Gleadow na Jami'ar Melbourne tare da kamfanin Autoscan na Ostireliya sun samar da cikakken tsari a kan maikiroskof na Zeiss, inda manhajar TrackWorks take sarrafa na'ura tana ɗaukar hotuna, FastTracks kuma take ƙirga. Kuɗinmu bai kai nan ba. Abin da muka haɗa shi ne maikiroskof mai tebur da injin lantarki yake motsawa, da kyamara, da manhajoji biyu na kyauta, wato Micro-Manager domin sarrafa na'ura da Fiji domin nazarin hoto.

4 ga Disamba, 2023

Aikin waɗannan makonni awo ne kawai. Da gilashin awo mai zane muka tantance faɗin da kowane ɗigon hoto yake wakilta, domin duk tsawon da za a auna nan gaba a kan wannan lamba zai dogara. Daga nan muka gwada ko teburin zai koma daidai inda ya baro idan aka aike shi nesa aka kira shi. Bai koma ba. Yana da ɗan wasa kamar sitiyarin tsohuwar mota, ta yadda idan ya juya akala sai injin ya yi ɗan juyi kafin teburin ya motsa, kuma wannan ɗan giɓi ya isa ya fitar da ƙaramar ƙwaya daga tsakiyar hoto. Maganin da muka rubuta a manhaja shi ne teburin ya riƙa wuce wurin da ake nema kaɗan, sannan ya dawo masa kullum ta ɓangare ɗaya.

Girgiza ta fi wannan ba mu ciwon kai, domin a irin wannan faɗaɗawa takun mutum a baranda ma yana bayyana a allo. Mai kula da ɗakin gwaji ya samo falalen dutse mai kauri daga wajen masu yankan dutsen gini, ya ɗora shi a kan tiyub ɗin babur da aka hura rabi, muka ɗora na'urar a kai, hoton kuwa ya tsaya cik. An mayar da janareta bayan ginin, na'urar kuma tana shan wuta daga inbata da batiran sola kaɗai.

Kowane faifan ƙaro, wato ɗan faifan da ake daskarar da ƙwayoyin ma'adini a cikinsa domin a goge su, zai samu alamomi uku a gefensa, waɗanda daga gare su ake lissafa matsayin kowace ƙwaya. Irin wannan lissafi ne tsarin da Trevor Dumitru ya wallafa a 1993 yake yi, kuma muna bukatarsa domin wani ɗakin gwaji ya iya samun ƙwayar da muka ɗauka hoto ba tare da lalube ba.

15 ga Janairu, 2024

Samfuran farko sun zo daga wurare biyu: dutsen yashi na Bima daga yankin Dadin Kowa, da tsohon dutsen gindi na Kaltungo, wanda Bima yake kwance a kan irinsa. Mun nisanci tsaunukan aman wuta na ƙasar Tangale da gangan, saboda zafinsu na iya shafe sawun duwatsun da ke maƙwabtaka da su, ya ba mu shekarun aman wutar a maimakon na hucewar yankin.

An fasa, an niƙa, an tankaɗe, an wanke, an bi da maganaɗisu, sannan aka zuba a ruwa mai nauyi. Yashin kwaz, mai nauyin 2.65 idan aka gwama da na ruwan sha, yana tasowa a ruwan farko, afatait mai kusan 3.2 ya nitse. A ruwa na biyu mai nauyin 3.3 afatait ne yake tasowa, wani ma'adinin mai suna zirkon mai kusan 4.6 ya zauna a ƙasa. Dutsen Kaltungo ya ba da afatait mai yawa da tsabta. Na Bima kuwa zirkon ya cika ƙasan kwalba, afatait sai 'yan tsiraru masu cin jiki. Dalilin a bayyane yake: afatait ba ya jure ruwa mai tsami, kuma dutsen yashin da ya yi shekaru aru-aru a fili yana shan damina yakan rasa shi tun kafin mai guduma ya iso. Ba za mu sake ɗibar jan dutse mai marmashewa ba. Sai wanda aka fasa kwanan nan a yankan hanya ko ramin haƙar dutse.

Ƙurar hunturu ta shiga ko'ina. An toshe ƙasan ƙofa, an hana shiga da takalmi, kuma ba a buɗe faifai sai a gaban na'ura.

5 ga Fabrairu, 2024

Ba mu taɓa samfuran gida da asid ba tukuna. Mun fara da afatait ɗin Durango na ƙasar Meziko, wanda aka san shekarunsa, miliyan 31.4, shi ya sa ɗakunan gwaji na duniya suke auna kansu da shi. An zuba gutsattsarinsa a ƙaro, an goge har aka shiga cikin jikinsu, aka gama da garin lu'u-lu'u na maikiromita 3 da na 1, sannan aka tsoma a asid ɗin naitirik mai ƙarfin mola 5.5 na daƙiƙa 20 a digiri 21. Waɗannan lambobi uku ba abin sassauci ba ne, domin lissafin da manhajojin tarihin zafi suke amfani da shi an gina shi ne a kan sawun da aka buɗe da ƙayyadadden tsari, kuma asid mai ɗumi yana ci fiye da kima. Kwanon asid yana zaune a cikin ruwan da aka daidaita zafinsa, mutum ɗaya yana riƙe da faifai, ɗaya yana riƙe da agogo.

Na'urar tana da haske biyu. A hasken sama, wanda yake dukan fuskar ƙwaya ya dawo, abin da ake gani fili ne mai sheƙi da ƙananan ramuka baƙaƙe, dogaye kaɗan, dukkansu sun miƙe ta fuska ɗaya. Wannan jerin shi ne shaidar cewa an yanka ƙwayar daidai da doguwar jijiyar ma'adinin, kuma irin wannan fuska kaɗai ake ƙirgawa. A hasken ƙasa, wanda yake ratsa ƙwayar, kowane rami sai ya fitar da wutsiya miƙaƙƙiya mai tsini da ta gangara ciki, wannan ta yi gabas, waccan ta yi kudu, babu biyu masu alƙibla ɗaya. Idan aka sauke idon na'urar a hankali, ana bin wutsiyar har inda ta ƙare. Yanzu manhajar tana ɗaukar hoton fuska a hasken sama, sannan ta ɗauki jerin hotuna a hasken ƙasa tana nitsawa kimanin sulusin maikiromita a kowane mataki, ta yadda mai duba allo zai iya hawa da sauka a cikin ƙwayar ko da faifan yana wata ƙasa.

26 ga Fabrairu, 2024

Ƙirgar kwamfuta ta fara aiki. Mun bi dabarar da rukunin Melbourne suka bayyana a 2009, wato a mayar da hoton hasken sama da na hasken ƙasa baƙi da fari zalla, a ɗora ɗaya a kan ɗaya, a ɗauki abin da ya bayyana a duka biyun a wuri ɗaya a matsayin sawu. Hikimar ita ce yawancin abubuwan da ke ruɗa ido a hoto ɗaya suke fitowa. Kumfa ko tsakuwar da ke binne a cikin ƙwaya tana bayyana a hasken ƙasa amma ba ta da baki a fuska, ɗan ƙarzanen da bai yi zurfi ba kuma yana bayyana a sama ya ɓace a ƙasa.

A kan Durango dabarar ta yi kyau, kuma bai kamata wannan ya ruɗe mu ba, domin Durango ma'adini ne garau, sawunsa a warwatse, wajen dubu 200 a santimita murabba'i. Da muka ɗora faifan Kaltungo, inda sawu ya yi cunkoso, abubuwa uku suka fito. Ramuka biyu da suka taɓa juna kwamfuta tana ƙirga su ɗaya. Ƙurar da ta zauna a fuskar ƙwaya baƙa ce a haske biyun, saboda haka tana wucewa a matsayin sawu. Na uku shi ne lahanin da ma'adini yake zuwa da shi tun daga halittarsa, wanda asid yake buɗewa kamar yadda yake buɗe sawu, yana da baki yana da wutsiya. Ido yana gane shi ne domin irinsa sukan jeru a alƙibla ɗaya, wani ya lanƙwasa, wani ya yi reshe, wani ya zarce tsawon da sawu zai iya kaiwa, alhali dabarar ɗora hoto ba ta duba ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne iyakar duhu, wato lambar da ake ba manhaja domin ta san daga ina toka-toka ya zama baƙi. Idan aka matsa ta kaɗan, ƙananan ramuka su ɓace, ƙirga ta ragu, dutse ya zama yaro. Idan aka sassauta, tabon goge ya shigo, dutse ya tsufa. Wanda yake da amsar da yake so a zuciyarsa zai iya kaiwa gare ta ta wannan lamba ba tare da ya san yana yi ba. Saboda haka muka yanke cewa a kan Durango kaɗai za a tsayar da iyakar, a rubuta ta a wannan kundi, kuma ba mai taɓa ta yayin ƙirgar samfurin da ba a san shekarunsa ba.

An mayar da rabin faya-fayan Kaltungo wajen gogewa. A ganina, ingancin ƙirgar kwamfuta a wajen gogewa ake yanke shi, tun kafin a kunna na'ura.

18 ga Maris, 2024

Zafin bazara ya shigo tare da azumi. Idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya da rana, ƙarfen maikiroskof yana miƙewa, fuskar ƙwaya ta kauce daga inda aka saita ta da safe, jerin hotunan ya fara daga cikin ƙwaya ko daga iska. Mun koma tsara ƙwayoyi da yamma, mu bar na'urar ta ɗauka cikin dare, manhaja kuma tana sake neman fuskar kowace ƙwaya a hasken sama kafin ta fara. An dakatar da aikin asid sai da sanyin asuba. Hotunan ƙwaya ɗaya suna cin ɗaruruwan megabait, don haka an sayo ma'ajiya ta biyu.

22 ga Afrilu, 2024

Bayan Sallah mun yi gwajin da na daɗe ina so. Ni da ɗalibar da ke digiri na biyu da mai kula da ɗakin gwaji kowa ya ƙirga hotuna iri ɗaya ba tare da ganin na ɗan'uwansa ko na kwamfuta ba. A kan Durango bambancinmu bai wuce abin da lissafi ya yarda da shi ba, domin ƙirga irin wannan tana da kuskuren da ba ya rabuwa da ita: sawu 100 yana zuwa da kashi 10 cikin 100, sai an kai 400 yake sauka zuwa kashi 5. A kan ƙwayoyi masu cunkoso mun rarrabu, kwamfuta kuma ta kasance ƙasa da mu duka.

Da Farfesa ya ga teburin sakamakon, sai ya ce, "To, idan har sai mutum ya bi kowace ƙwaya ya gyara, me na'urar ta rage mana?" Na ce, "Ranka ya daɗe, lokacin da ta rage bai kai yadda muka zata ba, amma ga abin da ta ƙara." Na buɗe ƙwayar da muka fi saɓani a kanta, alamomin mutum uku suna kai da launi uku, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan aka ga cewa ɗaya daga cikinmu yana ƙirga duk ramin da ya taɓa layin iyaka, ɗaya kuma yana barinsa, aka tsayar da ƙa'ida guda nan take. A tsohuwar hanya da wuya a gano tushen irin wannan saɓani, shi ya sa tun 1983 Hurford da Green suka kawo lambar gyara ta zeta, wadda kowane mai ƙirga yake fitar da tasa daga samfuran da aka san shekarunsu domin ta haɗiye ɗabi'ar idonsa. Har yanzu muna bukatar zeta, sai dai yanzu ta mutum ce tare da saitin manhajarsa, kuma idan ɗaya ya canza dole a sake ta.

Ɗalibar za ta gwada AI-Track-tive, manhajar kyauta da Nachtergaele da De Grave na Jami'ar Ghent a Beljiyam suka fitar a 2021, wadda take koyon siffar sawu daga hotunan da mutum ya riga ya yi wa alama. Ƙwayoyin da mu uku muka amince da ƙirgarsu su ne za su zama abin koyarwa.

20 ga Mayu, 2024

Mun shiga awon tsawo, wanda shi ne zai amsa tambayar Bima fiye da shekarun kansu. Ba sawun da fuska ta yanke ake aunawa ba, sai wanda yake kulle a cikin ƙwaya da ƙarshensa biyu, wanda asid ya isa gare shi ta wani sawun ko ta tsaga. Irinsa ba shi da yawa, kuma ana son kusan 100 a samfuri. Dutsen da ya huce da sauri yakan ba da dogayen sawu masu kusan tsawo ɗaya, maikiromita 14 zuwa 15, wanda ya daɗe a tsakanin digiri 60 da 120 kuwa yakan ba da gajeru haɗe da dogaye.

Neman su aikin ido ne har yanzu, amma jerin hotunan ya ba mu damar auna masu ɗan karkata, tun da an san zurfin kowane ƙarshe. A nan akwai gyaran da ba a mantawa: afatait yana lanƙwasa haske da kimanin 1.63, don haka zurfin da na'ura take nunawa bai kai na gaskiya ba, sai an ninka. Tare da kowane tsawo ana rubuta kusurwarsa da doguwar jijiyar ma'adinin, domin sawun da ya gitta ta ya fi saurin gajarcewa, ana kuma auna tsawon bakin ramukan ƙwayar, wanda yake nuna ko tana cikin masu jure zafi, kamar afatait mai yawan kilorin. Gwajin da Ketcham da Carter da Hurford suka wallafa a 2015 ya nuna cewa ɗakunan gwaji sukan saɓa a awon tsawo ko da samfurin ɗaya ne, saboda haka kowa a cikinmu zai fara da Durango kafin a karɓi awonsa.

24 ga Yuni, 2024

An yanke shawara kan awon yuraniyam. Tsohuwar hanya ita ce a lulluɓe faifai da ɓawon maika, wani ma'adini mai ɓarewa falle-falle, a kai shi injin nukiliya domin yuraniyam-235 ya tsage ya bar sawu a maikar, a ƙirga su. Akwai injin bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tun 2004, amma hanyar tana bukatar asid ɗin haidirofulorik domin buɗe maika, da izinin ajiye abin da ya sha tururin nukiliya, kuma ɗakinmu ba shi da shirin ko ɗaya. Za mu bi hanyar lesa, wadda Hasebe da abokan aikinsa suka nuna a 2004, inda ake amfani da siririn haske mai ƙarfi a ƙona ɗan rami mai faɗin maikiromita 20 zuwa 30 a wurin da aka ƙirga, a auna yuraniyam kai tsaye ana gwama shi da kalsiyam. Wani ɗakin gwaji na ƙasar waje ya amince ya yi mana.

Lesa tana cinye wurin da ta taɓa, don haka bayan ta hotunanmu ne kaɗai za su nuna abin da yake wajen. Ƙa'idar ita ce babu faifan da zai fita daga Gombe sai hotunansa sun shiga ma'ajiya biyu a gine-gine biyu, an zana iyakar wurin ƙirga a kowace ƙwaya, an kuma haɗa matsayinta da alamomin nan uku. Kowane kunshi zai tafi da faifan Durango da aka tsoma a asid rana ɗaya da shi.

Faya-fayan Kaltungo sun cika waɗannan sharuɗɗa, da ƙwaya 20 ko fiye a kowane samfuri, kuma idan lambobin sun dawo za a lissafa shekaru da manhajar IsoplotR, a gwada tarihin zafi da manhajojin HeFTy da QTQt. Na Bima ba su isa ba, domin dutsen yashi ya tara ƙwayoyi daga tushe daban-daban, yana bukatar adadi mai yawa kafin a rarrabe su. Sabuwar ɗiba za ta jira damina ta ja baya, kuma za a ninka nauyin kowane samfuri.